Shekara huɗu ina bin sawun kuɗin gyaran kududdufan garinmu

Ni ma'aikacin sashen kuɗi ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, kuma a duk shekarun da na yi ina daidaita littafin shiga da fita ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni za a ɗora wa nemo kuɗin tace ruwan mahauta da na masai ba. Garinmu yana bakin fadamar Rima. Bai kai birni ba, amma ya wuce ƙauye, domin yana da kasuwa mai ci mako-mako, da mahauta da ba a fashin yanka a cikinta, da unguwar majema waɗanda suka gaji jimar fatar jar akuya tun kaka da kakanni. Ruwan da ke fita daga waɗannan wurare, haɗe da na wanka da wanki na wasu unguwanni, duk lambatu ɗaya yake bi ya faɗa cikin kududdufai biyu da aka haƙa a bayan gari tun ina ɗan firamare. A takardun ofis sunan wurin matatar ruwan ƙazanta, mutanen gari kuwa kududdufin mahauta suke ce masa, kuma a halin da na same shi sunan da mutanen gari suka raɗa masa ya fi dacewa.

Kududdufi na farko ya cika da laka har ciyawa ta tsiro a kansa, ruwa yana ratsa tsakiyarsa kamar ƙorama ba tare da ya kwana ba. Gaɓar na biyu ta karye tun ambaliyar 2010, wadda ta yi ɓarna a garuruwan da ke ƙasan madatsar Goronyo, aka toshe wurin da buhunan yashi aka manta da shi. Motocin zuƙar masai su ma can suke juye kayansu da dare. Daga nan ruwan sai fadama, inda masu noman rani ke ban-ruwan albasa da tumatir da latas. A daminar 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta bazu a jihohin Arewa da dama har da tamu, duba-gari suka rubuta rahoto suka sa kududdufan cikin wuraren da dole a yi maganinsu. Kafin wata ya zagayo aka kafa kwamiti: injiniyan sashen ayyuka shi ne shugaba, sai wakilin hakimi, da sarkin fawa, da dattijon majema, da wakilin manoman fadama, da babban duba-gari, ni kuma sakatare, tun da ni ne aka ga na san lissafi.

Abin da na fara bincika shi ne wanda doka ta ɗora wa aikin, ina fatan a ce na jiha ne ko na tarayya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya kashe mini wannan fata, domin ya jera mahautai da kasuwanni da ban-ɗakunan jama'a da kwashe shara da ƙazanta cikin ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100, ana raba shi tsakanin ƙananan hukumomi 774, kuma a lokacin yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 ya tanada. Ni nake ganin abin da ke saura bayan an biya malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran albashi da fansho, don haka ba sai wani ya faɗa mini ba cewa daga wannan aljihu kaɗai ba za a gyara ko gaɓa ɗaya ba.

Watanninmu na farko sun tafi wajen rubuta takardun koke masu ɗauke da hotunan wurin, muna aikawa duk inda muka ji ana rabon aiki. Wani tsohon ma'aikaci a birnin Sakkwato, wanda ya daɗe yana ganin irin waɗannan takardu suna shiga fayil suna kwanciya, shi ya zaunar da ni ya ce babu mai ba da kuɗi don ya ga hoto mai ban tausayi, sai ya ga zane da jerin kayan aiki da farashin kowane ɗaya. Samun kuɗin yin wannan zane, duk da ƙanƙantarsa, ya fi komai ba ni wuya a farkon tafiyar, domin abu ne da ba a ganinsa a ƙasa, ba a kuma yanka masa kirtani. Sai da shugaban ƙaramar hukuma ya yarda aka ɗauko daga kuɗin gyare-gyaren sashen ayyuka, aka biya kashi-kashi, sannan wani injiniyan ruwa ya zo da ma'aikatansa suka yi kwanaki suna auna yawan ruwan da ke shigowa safe da rana da dare, a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, suna ɗibar samfur suna kaiwa ɗakin gwaji.

Zane biyu ya kawo mana. Na farko matata ce ta zamani, tankunan kankare da injinan hura iska da famfunan mayar da laka, ƙaramar ƙanwar wadda ke Wupa a Abuja, ba ta cin fili kuma ba ta wari muddin injinanta na aiki. Na biyu kududdufai ne dai, amma waɗanda aka yi da ilimi. Ruwa zai fara ratsa ragar ƙarfe da ramin tare yashi, ya shiga kududdufi mai zurfin mita 3 zuwa 4 inda laka ke kwanciya ƙwayoyin halittar da ba sa bukatar iska su narkar da ita, daga nan ya wuce mai faɗi mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi inda gansakuka ke samar da iskar da wasu ƙwayoyin ke amfani da ita su cinye sauran daɗtin, sannan ya ƙare a marasa zurfi inda hasken rana da daɗewar ruwa ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki kuma ya nutse. Ya ƙara da filin shanya laka don motocin masai. Ya bayyana mana cewa zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, shi ne makamashin wannan tsari, kuma ba a biyan kowa kuɗinsa.

Kwamiti ya zaɓi na farko ba tare da wata doguwar muhawara ba, kuma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ba zan ɓoye dalilinmu ba. Mun ga cewa tun da kuɗin ba daga aljihunmu zai fito ba, gara mu roƙi babba, kuma a zuciyar kowannenmu akwai hoton ranar buɗe aiki, manyan baƙi suna danna maɓalli inji yana tashi.

Da wannan zane na shiga yawon shekara guda. A watan Mayun 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin SURWASH na dala miliyan 700 don ruwan sha da tsafta, amma jihohi bakwai da aka fara da su Delta ne da Ekiti da Gombe da Imo da Kaduna da Katsina da Filato, babu tamu. Shirin ACReSAL, shi ma na dala miliyan 700, ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, sai dai an gina shi ne kan farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kare magudanan ruwa daga kwararowar hamada, matatarmu kuwa ko an matse ta ba za ta shiga wannan riga ba. Asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 shi ma ya fi karkata ga zaizayar ƙasa da ambaliya. Na yi tafiya biyu zuwa wani ofishi a Abuja da wani ya haɗa mu da shi, aka karɓi takardarmu aka buga mata hatimi, kuma wannan hatimi shi ne iyakar abin da muka samu a can.

Sai muka waiwayi bashi. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ciwo bashin waje da kanta, ko jiha sai ta bi ta hannun gwamnatin tarayya. Na banki kuwa lissafi ya kore shi kafin malamai su kore shi, domin a ƙarshen 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 16.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance, alhali matata ba shago ba ce da za ta mayar da uwar kuɗi cikin shekara uku. Wakilin hakimi ya kawo zancen sukuk, wato takardar tara jari ta tsarin Musulunci wadda babu kuɗin ruwa a cikinta, tun da jihar Osun ta fitar da na naira biliyan 11.4 a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 don hanyoyi. Na bincika na dawo na shaida musu cewa abin da za a biya lauyoyi da masu tantance ƙarfin biyan bashi da dillalan hannun jari kafin a fitar da takardar zai iya lashe wani babban yanki na aikinmu. Dattijon majema ya tambaya ko za a iya sa zakka. Limamin da muka tuntuɓa ya karanto aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya ce mutum takwas aka ambata kuma kududdufi ba ya cikinsu, amma ƙofar wakafi da ta sadaka mai gudana a buɗe suke. A ranar na rubuta wannan amsa a littafin taro ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Ƙofar da ta buɗe daga baya ta wata ƙungiyar raya ƙasa ce ta ƙasashen waje, wadda ta yi shelar tallafi ga ƙananan garuruwa kan tsaftar muhalli. Sharuɗɗanta biyar ne: takardar mallakar fili, da rahoton tasirin aikin ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta nema, da asusun da aka bincika, da kason da mu za mu zuba, da tsarin yadda za a riƙe aikin shekara biyar bayan sun tafi. Jami'ar da ta zo duba mu Bahaushiya ce mai sanyin magana. Ta duba zanenmu shafi-shafi, ta yaba, sannan ta ce: "Malam Sakatare, a shekara ta uku, ranar da babu wuta, wa zai sayi man da waɗannan injina za su sha, kuma daga wane layi na kasafinku zai fito?" Na ce ƙaramar hukuma za ta ɗauki nauyi. Ta ce ta ji, amma tana so ta gani a rubuce, da lambar layin da adadin da ke cikinsa a bara da bara waccan.

A daren nan na zauna da takarda na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar da aka kawo mana zane. Injinan hura iska ba sa hutawa, domin in suka tsaya na wasu sa'o'i ƙwayoyin da ke cikin tanki sai su fara mutuwa, tankin ya koma ramin wari. Wutar garinmu ba ta da tabbas, don haka janareta ne zai riƙa ɗaukar mafi yawan yini. Na haɗa man dizal, da albashin ƙwararren da zai yarda ya zauna a garinmu, da kayan gyara da sai an yi odarsu da dala, da canza famfo duk bayan wasu shekaru. Jimlar da ta fito ta zarce duk abin da kasuwa da tasha da mahauta suke tara mana a shekara. Na yi wa zane na biyu irin wannan lissafi: leburori biyu masu share raga da yanke ciyawar gaɓa, da mai gadi, da kuɗin gwajin ruwa, da wani abu da za a riƙa ajewa don kwashe laka idan kududdufi na farko ya cika kusan kashi ɗaya bisa uku. Wannan kam garinmu zai iya, in an matsa.

Kai wa kwamiti wannan labari bai yi daɗi ba. Shugabanmu ya ga kamar na raina sana'arsa, wakilin hakimi kuma ya ce mun shekara muna gaya wa mutane za a kawo inji, yanzu da wane ido za mu ce musu rami za a sake haƙawa. Sarkin fawa ne ya raba gardamar. Ya tuna mana da injin sanyaya nama da aka taɓa kawowa mahauta, wanda ya yi aiki wata biyu, yanzu kuma ɗakinsa ne ma'ajiyar fatu. Aka koma kan zane na biyu da rinjayen mutum ɗaya. Da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, shugaban da kansa ya kira ni ya ce Allah ya kiyaye mu.

Daga nan aikin ya koma neman abin riƙe matata, kuma nan ne na fi daɗewa. Dokar jerin haraji ta 1998 ta ba ƙaramar hukuma damar karɓar kuɗin mahauta da na kwashe ƙazanta, amma duk abin da aka karɓa cikin babban asusu yake faɗawa, inda albashi ke jiransa da baki buɗe. Masu tallafi suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba za su saki ko kwabo ba sai sun ga asusu na daban wanda doka ta killace. Sai da kansiloli suka zartar da dokar ƙaramar hukuma da ta ware waɗannan kuɗaɗe ga matata kaɗai, da sa hannun mutum uku kafin a fitar da komai: ma'aji, da shugaban kwamiti, da wakilin masu biya. Wannan na ukun shi ya jawo mini baƙin jini a ofis, domin wasu suna ganin bai dace mahauci ya sa hannu a cakin gwamnati ba. Ni kuwa na san in ba don shi ba mahauta ba za su biya ba.

Zama huɗu muka yi da sarkin fawa kan ƙarin kuɗin yanka. Na ce masa: "Baba Sarki, jini da tumbin da ke fita daga mahauta su ne mafi nauyin abin da ke shiga kududdufi, adalci shi ne ku ɗauki kaso mafi girma." Ya ce: "Ɗana, adalci kuma shi ne kada ka ƙara abin da zai sa yara su koma yanka a bayan gida, ka rasa kuɗin, jinin kuma ya bi lambatun unguwa." Gaskiyarsa ce, kuma irin wannan tarko ne ke kan motocin masai, waɗanda in ka tsawwala musu kuɗin juyewa sai su nufi daji. Muka daidaita kan ƙari kaɗan a kan kowace saniya da raƙumi, ƙasa da haka a kan akuya da tunkiya, da sharaɗin mahauta su riƙa tare jini da kashin tumbi a wuri guda a sayar wa masu taki maimakon a kora da ruwa. Majema suka yarda da kuɗin wata da haƙa ramin kwantar da ruwan toka da na bagaruwa a unguwarsu. Direbobin masai aka yanka musu ƙaramin kuɗi a kan kowane sawu, tara mai zafi kuma ga wanda aka kama a daji. Inda na sha ƙasa shi ne wajen manoma. Na sa a lissafina cewa za su sayi tataccen ruwa, sai wakilinsu ya tambaye ni tun yaushe ake sayar da abin da ke gangarowa gonar mutum da kansa. Na goge wannan layi, na maye gurbinsa da cinikin busasshiyar laka, wanda ba shi da yawa.

Fili shi ne cikas na gaba, domin kududdufai suna cin ƙasa ninkin abin da tankuna ke ci, gonar da ke maƙwabtaka da wurin kuma ta wani attajirin ɗan kasuwar albasa ce. Kuɗin diyya babu shi a ko'ina cikin lissafinmu. A nan ne amsar liman ta dawo mini. Hakimi ya kira attajirin, liman ya yi masa bayanin ladan wakafi, ya nemi kwana uku, ya dawo ya ce ya bayar saboda Allah da sunan mahaifiyarsa. Na nace a rubuta a gaban alƙali da shaidu har da 'ya'yansa manya, don kada magada su tayar da zancen wata rana. Tun da filin ba ya cikin yankin da aka ayyana birni, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, aka yi awo aka kafa duwatsu. Masu tallafi suka yarda a ƙiyasta darajar filin a lissafa ta cikin kasonmu.

Kasonmu na tsabar kuɗi ya shiga kasafin 2023, muka sa hannu a yarjejeniya, na ɗauka an gama. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Siminti, wanda a Kalambaina nan kusa ake yin sa, da rodi da hayar katafila duk suka bi sahu. Jerin farashin da muka sha wuya kafin mu biya kuɗin yin sa ya zama tsohuwar takarda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda guguwar ta bugi ɓangarorin biyu daban. Tallafin da kuɗin waje aka ƙayyade shi, don haka da aka canza shi sai ya kumbura ya kusan bin tashin kaya. Namu kason kuwa a yarjejeniya ba adadi ne tsayayye ba, kaso ne na jimlar kuɗin aiki, saboda haka duk lokacin da jimla ta hau sai bashin da ke kanmu ya hau, alhali abin da ke cikin kasafi yana nan inda yake. Ni na karanta wannan sakin layi kafin a sa hannu, ban ga haɗarinsa ba.

Hanya uku muka bi muka cike giɓin. An sake neman ƙari a kasafin 2024, aka samu wani abu. An rage aikin, inda muka bar kududdufin ƙarshe ɗaya maimakon biyu tare da barin gurbin na biyun, muka soke ɗakin ofis da fitilu masu aiki da hasken rana, muka musanya shimfiɗar roba ta ƙasan kududdufi da yumɓu da aka daddaɓe, tun da gwaji ya nuna ƙasar wurin tana riƙe ruwa. Sannan matasan unguwanni suka yi gayya suka share fili suka dasa ciyawar riƙe gaɓa, aka rubuta sunan kowa da kwanakin da ya yi, aka ƙiyasta da kuɗin lebura aka ƙara a kasonmu. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wasu a kwamiti suka ce mu mayar da abin da muka soke. Na ƙi, domin ba na rubuta kuɗi a littafi sai na ga sanarwar banki.

An tallata kwangila a jarida, aka buɗe tayi a bainar jama'a. Mafi arha ya yi ƙasa da ƙiyasin injiniya nesa ba kusa ba, da muka duba sai muka ga bai sa kuɗin kwashe tsohuwar laka ba ko kaɗan, wadda ita ce kusan mafi nauyin aikin. Irin wannan tayi shi ne wanda ake cin kwangila da shi, a dawo bayan wata biyu da takardar neman ƙari. Aka rubuta dalilin ƙin sa a bayanin taro, aka ba na biyu. Kuɗin somin aiki ba a sake shi ba sai da ya kawo takardar lamuni daga banki, sauran kuma biya ne bayan awo: injiniya ya auna abin da aka yi, ya ba da takardar shaida, mu biya kasonmu, sannan masu tallafi su biya nasu. Wannan jeri ya sa duk jinkirin da aka samu a ofishinmu ya tsayar da kuɗin kowa, kuma sau biyu katafila ta kwana uku ba ta motsa ba saboda sa hannun mutum ɗaya. Akwai kuma harajin VAT na kashi 7.5, wanda masu tallafi ba sa biya, mu kuma ba mu tanade shi ba sai da takardar biya ta farko ta iso teburina.

An yi haƙa da rani, aka gama kafin ruwan farko na 2025. Cika kududdufan da jiran gansakuka ta kama ya ɗauki makonni, a tsakani wurin ya yi warin da ya sa na daina bin hanyar kasuwa don gudun tambaya. Daga baya ruwan kududdufi na biyu ya koma kore, wanda injiniya ya ce shi ne alamar lafiya. Ma'aunin da muka sa a yarjejeniya shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban-ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye, wato kada ƙwayoyin da ke nuna gurɓatar bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100, kada kuma ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita. Ta fuskar ƙwan tsutsa mun cika sharaɗi. Ta ɗaya fuskar muna cikawa da bazara, da hunturu kuma muna ɗan haurawa, kuma kowa a kwamiti ya san kududdufin da muka soke ne ke binmu bashi. Duba-gari sun shawarci manoma su bar latas a wannan ruwa lokacin sanyi su yi albasa da masara.

Asusun matata yana biyan leburori da mai gadi kowane wata ba tare da ya taɓa babban asusu ba. Ajiyar kwashe laka ce ba ta taruwa yadda na tsara, domin kuɗin yankan da muka daidaita a 2022 bai motsa ba, mafi ƙarancin albashi kuwa ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024. Shingen gefen arewa bai samu ba, shanu suna sauka shan ruwa suna rusa gaɓa. Kason da muka riƙe daga kuɗin ɗan kwangila yana hannunmu sai wa'adin lura da aiki ya cika, kuma na riga na rubuta masa ya dawo ya gyara bakin bututun da ya tsage. A ajandar zamanmu na wata mai zuwa na sa batun sake duba kuɗin yanka a layi na farko, na aika wa kowa takardar gayyata, sarkin fawa kuma ya aiko yaronsa ya ce a gaya wa sakatare ranar yana da tafiya kasuwar Acida.